Ɗakin da Ba A Cikawa

Aikin farko da aka ba ni a barikin Sokode jan layi ne, ba rubutu ba. Sarjan Abudu, shugaban 'yan badujalar gardi, wato dakarun mulkin Faransawa, ya dire mini tulin kwali da wani alƙalami mai baki biyar, ya ce in ja layuka biyar-biyar daga wannan gefe zuwa wancan, kada wani ya fi wani kauri. Na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Ni da na yi shekaru a Camba gaban malam, ana yaba hannuna har ana kawo mini littafi in juya? Kafin azahar na ɓata rabin tulin. Baki biyar ɗin nan sai kowanne ya sha tawada daidai da ɗan'uwansa, in kuwa ka ja numfashi a tsakiyar layi, duk biyar ɗin sai su yi rawa tare. Sarjan ya zo ya duba, ya juya kwalayen ya ce in sake a bayansu.

Ku da kuke sa takarda a inji ta fito muku goma kafin ku gama gaisuwa, kuna ganin mai juya takardun kiɗa ba abin da yake yi sai kwaikwayo. To ku zauna in gaya muku. Littafi ɗaya ne yake zuwa daga Lome, na shugaba, wanda yake ɗauke da abin da kowa zai busa a jere. Aikina in tsamo wa kowane mutum rabonsa in zuba masa a kwali wanda bai wuce tafin hannu ba, wanda zai maƙala a kan ƙahonsa yana tafe yana karantawa, rana tana dukan idonsa, gumi yana shiga. Kayan aikina alƙalamin layi, da alƙalami mai faɗin baki na ɗige-ɗige, da reza ta kankare kuskure, da rairayi na shanye tawada, da guntun kyandir da nake goga wa kwalin in ya bushe saboda ruwan damina. Kowane mabushi kuma da irin idonsa. Mai babban ƙaho ba ya gani sosai, sai na yi masa ɗigo manya. Mai sarewa kuwa in ka raba masa jimlar waƙa a ƙarshen layi sai ya ɓace, don haka nake matse masa rubutu har ta ƙare a inda ya kamata.

A zango, unguwarmu ta Hausawa, ba a ɗauke ni da daraja ba. Mahaifina falken goro ne, kuma har ya rasu in aka tambaye shi aikin ɗansa sai ya ce, “Yana rubutu a bariki,” ya yi sauri ya kawo wani zance. Mahautan unguwarmu suna kirana maroƙin Nasara, alhali ko ƙaho ban taɓa sa wa baki ba. Na ji kunyar sunan nan ƙwarai, har na riƙa zagayawa ta bayan kasuwa in zan koma gida. Amma masu kawo aiki ba su fasa ba: malaman lakwal, wato makarantar boko, da masu waƙar coci na mishan, da wani akawu ɗan kudu mai molon Turawa wanda kullum yake cewa gobe yake so, ya zo bayan wata guda.

Wata waƙar fareti ce ta koya mini babbar ƙa'idar sana'ar. Rubutun kiɗa ana yanka shi ne gida-gida da layi a tsaye, mu a bariki ɗaki muke ce wa kowane yanki. In waƙar mai bugu huɗu ce, kowane ɗaki bugu huɗu yake ɗauka, ba ƙari ba ragi. Na buɗe littafin, sai na ga ɗakin farko ɗigo ɗaya tal ne a cikinsa. Na duba na ƙarshe, na ga uku. Na ce lallai mai buga littafin nan barci yake ji. Sai na yi masa gyara: na zuba alamar shiru uku a gaban ɗigon farko ya cika huɗu, na ja na ƙarshe shi ma ya cika, na kai wa Sarjan ina jiran yabo.

Ya duba kwalin ya dube ni. “Wa ya ce ka cika?”

“Baba, na ga a buɗe yake.”

“A buɗe aka gina shi. Tashi, fito fili.”

Ya sa ni maci ni kaɗai a tsakar bariki, yana rera waƙar da baki, matan gardi suna daka suna kallona. Ya ce in lura da ƙafata. Ashe ɗigon nan na farko ba a kansa ake taka ƙasa ba, a kansa ake ɗaga ƙafa. Ƙafar hagu ba ta sauka sai bayan layin tsaye, a bugun farko na cikakken ɗaki. Shi ya sa muke kiran irin wannan farawa ɗaga-ƙafa. Da muka kai ƙarshe ya koma farko yadda na rubuta, sai na ga na yi tsaye da ƙafa a sama ina jiran waƙa, matan suka fashe da dariya.

“Ka gani?” in ji shi. “Bugun nan ɗaya daga ɗakin ƙarshe aka yanko shi aka kawo ƙofa, kamar yadda mahauci yake yanko tsoka ya ajiye gefe. Uku a can, ɗaya a nan, in waƙa ta zagayo sai su haɗu su zama ɗaki guda. Ba a cika shi. Ba a ba shi lamba, lamba ɗaya daga cikakken ɗaki take farawa. Wanda kuma ba ya busa a wurin, ka rubuta masa shiru daidai tsawon ɗigon, kada ka ƙara masa ko ƙwayar gero. In na sake ganin ka cika shi, ka koma Camba.”

Sarjan Abudu mutumin Mango ne. Jamusawa suka ɗauke shi yana yaro mai busa begila, da suka tafi Faransawa suka gaje shi tare da ƙahonin. Ba shi da gona, ba shi da gidan gado da zai ce nasa ne. Ɗaki biyu na bariki su ne duniyarsa, shi da tsohuwar matarsa da jikoki uku da 'yarsa ta mutu ta bari. Mutum ne mai tsanani, bai yarda a busa abin da ba a rubuta ba, ko da ya fi daɗi. Duk muna kiransa Baba, har waɗanda furfura ta fara fito musu.

Waƙoƙin tafiya ba su da wahalar farawa, ganga ce take buɗe hanya kowa ya bi. Mai wuya ita ce waƙar ɗaga tuta. A tsaye ake busa ta, fili ya yi tsit, ba ganga ba komai, ga ta kuma da ɗaga-ƙafa take farawa. Ba abin da zai gaya wa mutum ashirin lokacin da za su ja numfashi sai hannun shugaba. Zai nuna bugu ɗaya da sanda a cikin shiru, daga nan kowa ya san saurin waƙar, sai su shiga tare. Hannun Baba a nan ba shi da na biyu. Ko gira ba ya ɗagawa, wuyan hannu kawai zai motsa, ka ji ƙahoni sun buɗe baki kamar mutum ɗaya ne ya busa.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina tana cikin shekarun yaƙin Turai. Jirgi ya daina kawo kwali, tawadar kwalba ta ƙare. Na koma irin ta makarantar allo, ƙaro da baƙin tukunya, ina bin kantuna ina roƙon kwalin sukari in yanka. A biro kuma, ofishin kumandan, aka fara rage mutane, duk tsohon da aka ga alamar gajiya a jikinsa sai a sallame shi, a ba wani ɗakinsa. A cikin wannan hali Baba ya yi zazzaɓi mai tsanani, ya tashi, amma hannunsa na dama bai tashi daidai ba. Na fara lura ne da kofin shayinsa yana kaɗawa. Ya riƙa ɓoye hannun a bayan ɗamara. Ya gwada na hagu, ya ƙi masa. Da safe wurin tuta sai ka ji badujala ta shiga a warwatse, wani gaba wani baya, Allah ya taimake mu kumandan namu ba shi da kunnen kiɗa. Sai ga umarni: wani babban baƙo zai zagaya arewa, za a tarbe shi a Dapango, can kuwa ba su da badujala, mu za mu je.

Da tsakar rana ya same ni, kowa ya tafi cin abinci. Tun da na fara aiki bai taɓa zama a bencina ba, ranar ya zauna.

“Salifu, kwalayen waƙar tuta sun tsufa.”

“Baba, ai bara na sabunta su.”

“Na ce sun tsufa.” Ya juya yana kallon bango. “In za ka sake, ɗakin farkon nan ka cika shi. Ka rubuta wa kowa shiru uku. Lare kuma ka rubuta masa bugu uku a bakin ganga, a hankali, yadda mu kaɗai za mu ji.”

Lare shi ne mai babbar gangarmu, ɗan ƙabilar Moba. Na gane nufin Baba nan take: ganga ta ƙirga musu, su shiga ba sai sun dogara da sanda ba. Na kuma gane dalilin da bai faɗa musu da baki ba. In a kwali suka gani, umarnin takarda ne. In daga bakinsa suka ji, ya zama tsoho yana roƙo. Na sunkuyar da kai, na rasa inda zan sa idona, don ban taɓa jin kunya irin ta ganin wannan mutum yana neman alfarma a wurina ba.

Na ce, “Na ƙarshen fa, Baba?”

“Shi ma ka cika.”

“Lambobin ɗakuna za su gusa da ɗaya.”

“Su gusa. Wa yake ƙirgawa?”

Na zauna na yi. Hannuna da kansa yake ƙin aikin, sau da yawa in na kai ƙarshen kwali sai in ga na bar ɗakin da bugu uku yadda na saba, in ɗauki alƙalami in ƙara. Da na raba kwalayen, Lare ya juya nasa sama da ƙasa ya ce da guntuwar Hausarsa, “Salifu, wannan waƙa shi ya canja?” Na ce haka aka ce in rubuta. Ya dubi inda Baba yake tsaye da hannu a bayan ɗamara, ya ce, “To. Na ji shi.” Ba wanda ya ƙara tambaya. Muka gwada, abin ya tafi sumul.

Muka hau kamyo, babbar motar kaya, da ƙahoninmu, muka ƙetare kogi a Mango, muka isa Dapango jiki duk ciwo. Ana gobe baƙo zai iso muka fita fili gwaji. A nan muka tarar da wani litinan, ƙaramin hafsa Bature, saurayi sabon zuwa, wanda ashe a ƙasarsu ya yi busa, har yana da nasa littafin waƙar a aljihu. Ba mugu ba ne, zumuɗi ne ya yi masa yawa. Muka fara, ya karkata kai ya ce me yake ƙwanƙwasawa kafin waƙa. Sannan ya buɗe littafinsa ya ce a sake daga ɗaki na biyar. Muka shiga a namu na biyar, wanda a wurinsa na huɗu ne. Ya zare kwali daga ƙahon na kusa da shi ya duba, ya zare na biyu, ya yi dariya, ya juya ga Baba.

“Shef, wa ya rubuta wannan? Ya cika ɗakin farko! Ko ɗan lakwal ya san ba a yin haka.”

Fili ya yi tsit. Baba ya gyara tsayuwa. Sannan ya ce, “Mai rubutunmu ne, mon litinan.”

Aka kira ni gaban sahu. Litinan ya ce wa Baba ya koya wa mutuminsa aiki, a nan, yanzu, kowa ya ji. Baba ya tsaya a gabana ya shiga karanta mini ƙa'idar: ba a cikawa, ba a ba shi lamba, abin da aka kawo ƙofa daga ƙarshe ake yankowa. Muryarsa ba ta rawa, amma bai dubi fuskata ba, maɓallin rigata yake kallo. Na ce, “Na ji, Baba. Na tuba.” Kada ku ɗauka kirki ne ya sa na yi shiru. Raina ya ɓaci matuƙa, ni da na shekara goma sha wani abu ban bar kuskure a kwali ba, yau ana nuna ni ga 'yan kasuwa da suka taru kallo a matsayin wanda bai san farkon aikinsa ba. Bakina ne kawai ya kasa buɗewa a kan mutumin da ya koya mini riƙon alƙalami.

Litinan ya ce a sake rubuta duka kafin rana ta faɗi, kuma gobe lokacin tuta a ajiye ganga a ƙasa. Na zauna a gindin wata kuka da akwatina a kan cinya, na kankare abin da zai kankaru, na sake abin da ba zai kankaru ba a bayan kwalin. Masu wucewa suna nuna ni suna magana da yarensu. Lare ya zo ya tsuguna kusa da ni ya ce, “Ni zan buga ƙafa a ƙasa. Bature ba shi gani.” Ashe Baba yana bayanmu. Ya ce, “Ba wanda zai buga ƙafa, ba wanda zai yi tari. Mutum ɗaya da na ci wa mutunci ya isa.” Ya juya ya tafi.

Washegari fili ya cika. Sarakunan Moba a kujerunsu, 'yan lakwal a jere, baƙo ya sauko daga mota ya tsaya ya ƙame. Ni ina gefe da akwatin kwalaye. Baba ya fito gaba, kakinsa a goge, ya zaro hannun daga bayan ɗamara ya ɗaga sanda. Sandar ta tsaya ɗan lokaci kaɗan, har na fara murna. Sai ta fara kaɗawa. Ku tuna mutanen nan shekara da shekaru an horar da su su shiga da ƙaramin motsin wuyan hannu, yanzu ga motsi nan ba iyaka, kowanne kamar shi ne alamar. Mai ƙaramin ƙaho ya shiga. Mai sarewa ya bi shi a makare. Babban ƙaho ya yi gurnani shi kaɗai. Wasu suka tsaya, wasu suka ci gaba, sannan abin ya mutu gaba ɗaya, tuta tana rataye a tsakiyar sanda, mai jan igiya ya rasa abin yi. Wani yaro a cikin taro ya yi dariya aka kwaɗe shi.

Litinan ya tako da sauri. Da ya iso ya ga hannun da kyau, sai ya tsaya cak. Ya waiwayo ya nemo ni da ido a gefen fili, na ga fuskarsa ta yi ja har kunne, ya gane abin da ya rushe jiya. Ya miƙa hannu a hankali, Baba ya sa masa sandar. Ya nuna bugu ɗaya, badujala ta shiga tare, ta kai ƙarshe ba tuntuɓe. Kwalayena daidai suke, ɗaya a ƙofa uku a ƙarshe, ba aibi ko ɗaya. Ban taɓa jin kunyar aiki mai kyau ba sai ranar. Baba kuwa ya tsaya a gefen litinan har aka gama, hannunsa a goshi yana sara wa tuta, hannun yana kaɗa bakin hularsa.

Kafin la'asar aka ce wani kofur zai riƙe badujala, Baba kuma in mun koma Sokode ya je biro. Kowa ya san ma'anar wannan, har da ɗakunan nan biyu.

Muna lodin kaya a bakin kasuwa, ina miƙa akwatina sama, sai na ji an ce, “Salifu.” Na juyo. Baba ne, ya cire hula. Kafin in ankara ya durƙusa a gabana, gwiwa biyu a ƙasa, yadda yaro yake yi wa mahaifinsa, ga 'yan badujala, ga direba, ga mata masu sayar da gyaɗa. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Mutumin nan bai yi kuskure ba. Ni na sa shi ya cika. Na kuma tsaya na zage shi a kan abin da na roƙe shi. Salifu, ka yafe mini.”

“Baba, don Allah tashi. Don girman Allah ka tashi, mutane suna kallo.”

“Ka yafe?”

“Na yafe, Baba, ba ka yi mini komai ba. Tashi.”

Ya dafa ƙasa zai miƙe, hannun ya ƙi ɗaukarsa, ya koma. Ya sake gwadawa ya koma. Ba wanda ya motsa, kowa ya kau da kai don kada a ce ya gani. Na sunkuya na sa hannuwana a hammatarsa na ɗaga shi. Na shirya ƙarfina na ɗaga Sarjan Abudu, sai na ji kakin ne kawai yake da cika, mutumin da ke ciki bai fi nauyin jikansa ba. Na kakkaɓe masa gwiwa, na ɗauko hular na sa masa. Muka hau mota. Daga Dapango har Sokode ba wanda ya ɗaga ido ya dubi ɗan'uwansa.